FILIN MATA: Gajeren Furen Rana Cikin Tukunya

 

Cikin wasiƙun da Edita ya miƙo mini makon jiya akwai wata daga Funtuwa wadda na karanta har sau uku. Mai wasiƙar ta roƙi kada in faɗi sunanta, to, ba zan faɗa ba. Ta ce ita haifaffiyar ƙauye ce, ta tashi gidan da ba a rasa rama da kuɓewa da lalle a bayan ɗaki. Aure ya kawo ta gari, gidan haya, su huɗu suke tarayya da tsakar gida ɗaya, ko'ina kuwa an daɓe shi da siminti. Shekara takwas ke nan ba ta sa ƙwayar kome cikin ƙasa ba. Ran nan 'yarta mai shekara bakwai ta tambaye ta, wai a wane kanti ake ƙera gyaɗa. Ta yi dariya, amma da dare ya yi abin ya hana ta barci.

Sai ta je wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ta sayo irin wani gajeren fure rawaya mai faffaɗar fuska, don yarinyar ta ga yadda abu yake tsirowa. Ta shuka sau biyu, sau biyu yana mutuwa. Maigidanta ya ce ta bar wahal da kanta a kan abin da ba a ci ba a sha, ga shi kuwa ruwan ma wurin 'yan garuwa suke saye. Ta rufe wasiƙarta da cewa, "Malama, don Allah gaya mini gaskiya. Hannuna ne ba shi da albarka, ko kuwa furen ne ba ya yi a ƙasarmu?"

To, Yaya, ko ɗaya babu. Hannunki lafiya lau yake. Furen nan kuwa shi ne furen rana, wanda wasu ke kira sanfulawa, kuma ƙasarmu mai yawan rana ta dace da shi ƙwarai. Ina zaton na san abin da ya kashe naki, domin ni ma na taɓa kashe nawa, a gaban jama'a ma kuwa.

YADDA NA SHA KUNYA

Shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai aka ba ni aji biyar a wata makarantar 'yan mata, yara 36. Ina ji da kaina, ga takardar shaida sabuwa ful. Na ce zan koya musu yadda iri yake tsirowa. Na zuba irin gajeren furen rana cikin faranti ɗaya, na ajiye bakin taga cikin aji don kada rana ta ƙone shi. Na naɗa yara biyu masu ba shi ruwa safe da yamma. Ya tsiro kuwa, muka yi ta murna. Amma sai ya yi ta miƙewa, siriri, fari fat kamar zare. Da ya kwana 14 na tumɓuke, na dasa wa kowace yarinya nata cikin gwangwani. Kafin mako ya zagayo duk sun kwanta, sai uku kaɗai.

Wata 'yar ƙarama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ko dai littafin ne ya yi ƙarya?" Aji ya yi tsit. Ban sami abin cewa ba.

Da aka tashi, tsohon da ke mana gadi, wanda yake da ɗan lambunsa bayan ofis, ya zo ya duba gwangwanayen ɗaya ɗaya. Na ce, "Baba, ina na kuskure?" Ya ce, "Malama, gata ne ya kashe su. Kin ɓoye su daga rana, kin shaƙe su da ruwa, sa'an nan kin tashe su daga inda suka kafa. Albasa da tumatir ake dasawa. Kin taɓa ganin an dasa gyaɗa?"

Darasin yau duka yana cikin maganar nan ta Baba. Furen rana ba ya son gata. Abu uku yake nema: a ba shi rana, a auna masa ruwa, a bar shi inda aka shuka shi. Sauran bayani duk reshe ne.

ASALINSA

Furen rana baƙo ne gare mu. Asalinsa Amurka ta Arewa, inda mutanen ƙasar na farko suka fara nomansa tun kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Sukan niƙa 'ya'yansa su yi gari, su kuma sami mai da rini daga gare shi. Mutanen Sifen suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16, ya daɗe can ana shuka shi don ado. A shekarar 1829 wani talakan manomi na ƙasar Rasha, Daniil Bokarev, ya soma matsar mai daga 'ya'yan, har abin ya zama sana'ar garinsu. Daga baya wani masanin tsirrai, Pustovoit, ya yi shekaru masu yawa a birnin Krasnodar yana zaɓen iri, har ya sami wanda kusan rabin ƙwayarsa mai ne. Rasha da Yukiren suka zama su ne kan gaba a duniya wajen man sanfulawa, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 2022 man girki ya yi tsada a ƙasashe da yawa. A nahiyarmu kuwa ana nomansa sosai a Tanzaniya da Afirka ta Kudu.

Na gona dogo ne, yakan kai mita 2 ko 3. A 2014 wani Bajamushe ya reni wanda ya haura mita 9. Irin wannan ba na tukunya ba ne. Amma masu gyaran iri sun fitar da gajeru, waɗansu iyakarsu gwiwa, waɗansu ƙugu. Su ne abin zancenmu.

ZAƁEN IRI

Kowane iri da sunansa a jikin takardar da aka ƙunshe shi. Ga uku da suka shahara. Akwai Big Smile, wanda gajere ne ƙwarai, yana kuma saurin fure, kamar wata biyu. Akwai Sunspot, tsayinsa kamar santimita 60, watau ƙafa biyu, kansa ɗaya ne amma babba, a wuri mai yalwa yakan kai faɗin faifai ƙarami, yana kuma ba da 'ya'yan da ake ci. Akwai Teddy Bear, mai rassa, furensa cunkus kamar tuntun hula, ba a ganin tsakiyarsa. In ba ki sami waɗannan ba, tambayi mai sayarwa tsayin da irinsa yake kaiwa. Duk wanda bai wuce mita ɗaya ba zai zauna cikin tukunya.

Ga abu uku na lura. Na ɗaya, 'ya'yan da ake sayarwa a kanti don ci, soyayyu ne da gishiri, ba za su tsiro ba har abada. Na biyu, waɗanda ake haɗawa cikin abincin tsuntsaye sukan tsiro, amma galibi na gona ne, dogaye. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci, in kika ga iri da launin ja ko shuɗi ko kore a jikinsa, an shafa masa magani ne. Ba a ci, ba a ba kaji. Ɓoye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, ki wanke hannu bayan shuka.

In kina shakkar ko irin ya tsufa, gwada shi tukuna. Ɗauki ƙwaya 10, naɗe su cikin tsumma mai laima, ki ajiye a inuwa, kina yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 7 ki buɗe. In 7 ko fiye sun fasa, irin yana da kyau. In biyu ko uku ne, mayar wa mai shi.

TUKUNYA DA ƘASA

Ba sai kin sayi kome ba. Tsohon bokiti ya isa, ko tukunyar ƙasa da ta tsage, ko jarkar man gyaɗa da aka yanke, ko babban gwangwanin madara. Amma kada ki yi amfani da abin da aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko fetur ko baƙin mai.

Furen rana yana da saiwa ɗaya babba wadda take nutsawa ƙasa tsaye, kamar ta karas. Saboda haka zurfi yake so. Ga tsiro ɗaya nemi mazubi mai faɗin taƙi ɗaya da zurfin taƙi ɗaya ko fiye, watau inci 8 zuwa 10, mai cin ruwa kamar lita 5. Babban bokitin fenti mai lita 20, in an wanke shi tas, zai ɗauki uku. Ku sani girman tukunya shi ne girman fure. Cikin ƙaramin gwangwani ma zai yi fure, amma ɗan ƙanƙane.

Sai huda. Wannan tilas ne. Sa ƙusa a wuta ki huda gindin roba wuri 5 ko 6, gwangwani kuwa ƙusa da dutse sun isa. Tukunyar da ba ta da huda kabari ce. Dā an saba cewa a zuba tsakuwa da yawa a gindi don ruwa ya wuce. An gwada an ga ba ta taimakawa, sai dai ta cinye wurin saiwa. Tsingaro ɗaya a kan babbar huda, don kada ƙasa ta zube, ya wadatar.

Ƙasa kuwa haɗa ta ake yi. Kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na yashi, a cuɗe sosai. Laka zalla takan daskare kamar tubali, yashi zalla kuwa ba ya riƙe ruwa. Takin ya zama ruɓaɓɓe, kashin awaki ko na shanu wanda ya daɗe har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Cika tukunya, ki bar kamar yatsa biyu daga baki. Ɗora ta kan duwatsu ko bulo biyu, don ruwa ya sami hanya, kuma don kada zafin siminti ya dafa saiwa.

SHUKA

Jiƙa ƙasar tun da yamma. Da safe ki yi rami uku a tsakiya, nesa kaɗan da juna, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, watau inci ɗaya ko ƙasa da haka. Sa ƙwaya ɗaya cikin kowane, rufe, danna kaɗan, yayyafa ruwa. A nan za ta tsiro, a nan za ta girma, a nan za ta yi fure. In aka tumɓuke tsiron aka katse babbar saiwar nan, ko ya mutu, ko ya tsumbure ya yi fure kamar kwabo.

Tsakanin kwana 5 da 10 za ki ga ya fasa ƙasa da ganye biyu masu santsi, wani lokaci da ɓawon a kansa kamar hula. Kada ki cire masa, zai yar da kansa. Waɗannan biyun guzurinsa ne daga cikin ƙwaya. Ganyen gaskiya su ne masu biyo baya, masu kaushi da gashi. Idan suka fito guda huɗu, duba wanda ya fi kauri cikin ukun ki bar shi, sauran biyu ki datse su da almakashi daidai ƙasa. Kada ki fizge, don saiwoyinsu sun riga sun sarƙe. Na san da ciwo. Amma uku cikin tukunyar mutum ɗaya, duk ukun yunwa za su sha.

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, Yuni ko Yuli, ko kuwa bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Da hunturu yakan ɗan yi jinkirin tsirowa saboda sanyin dare, kada ki tone don ki duba. Bazara ta fi wuya. Mai koyo ta bari sai ruwa ya sauka.

RANA

Yana bukatar rana ta same shi kai tsaye awa 6 zuwa 8 kowace rana, tun daga ranar da ya tsiro. Hasken taga ba rana ba ne, ƙarƙashin rumfa ma haka. In kika ga tsiro ya yi tsawo, siriri, ya karkata gefe ɗaya, rana yake nema, kuma irin wannan ba ya ƙarko.

Wuri mafi kyau a yawancin gidajenmu shi ne kusa da katangar yamma ta tsakar gida. Nan rana take bugawa tun hantsi har azahar, sa'an nan inuwar katanga ta sauko lokacin da zafi ya tsananta. Akwai kuma wani dalili. Furen rana tun yana yaro bin rana yake yi: da safe kansa na gabas, da yamma yana yamma, cikin dare ya juyo gabas ya jira. A 2016 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis suka bayyana yadda abin yake. Da rana gefen kara na gabas ya fi saurin girma, sai ya tura kan zuwa yamma. Da dare gefen yamma ya fi girma, sai ya mayar da shi. Idan kara ya gama tsawo, juyawa ta ƙare, furen ya tsaya yana duban gabas. Sun kuma ga wanda ya dubi gabas ya fi saurin ɗumi da safe, ƙudan zuma sun fi zuwa gare shi har ninki biyar. To, in tukunyarki tana jikin katangar yamma, furen zai buɗe yana duban tsakar gida, ba zai ba ki ƙeya ba.

RUWA

Nan ne mata da yawa muke kuskure, don tausayi. Saiwa tana numfashi kamar ni da ke. In ƙasa ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, sai gindin tsiro ya yi baƙi, ya tsuke, ya faɗi. Abin da ya sami na ajina ke nan.

Ga ma'auni wanda ba ya ƙarya. Kowace safiya tsoma yatsa cikin ƙasa har gaɓa ɗaya. In da laima, wuce abinki. In ta bushe, zuba ruwa a hankali a gindi, ba a kan ganye ba, har ki ga ya fara ɗigowa ta huda. Tun yana ƙarami yakan yi kwana biyu bai nema ba. In ya girma zai sha kullum, da zafi ma har sau biyu. Tukunyar ƙasa ta fi roba saurin bushewa, amma ta fi ta sanyi. Cikin Agusta, in ruwan sama ya yi yawa, duba kada huda ta toshe.

Game da tsadar ruwa kuwa, moɗa ɗaya ko biyu ne a rana. Ruwan da kika wanke shinkafa ko kayan miya da shi ya isa, muddin ba gishiri, ba mai, ba sabulu. Kuma kada ki sa faranti ƙarƙashin tukunya ruwa ya kwanta ciki. Cikin mako guda ko kwana 10 sauro yakan ƙyanƙyashe a irin wannan ruwa. Ba ma son a ce furenmu ya jawo wa 'ya'yan maƙwabta zazzaɓi.

In ƙasar ta sami taki tun farko, ba ya bukatar ƙari mai yawa. Bayan mako uku ko huɗu ki barbaɗa ɗan ruɓaɓɓen taki a sama. In takin zamani ne, rabin ƙaramin cokali, a binne can bakin tukunya nesa da kara. In ya yi yawa sai ki sami ganye shar, fure kuwa ya yi ta jinkiri.

MAƘIYANSA

Ɓera yakan tone iri da dare, kaza ta yi tsatstsafa, ƙadangare da fara su datse sabon tsiro, akuya kuwa ta gama da aikin wata biyu cikin loma ɗaya. A makon farko da na biyu kifa tsohon kwando mai manyan idanu ko yankin gidan sauro a kai. In da awaki a gidan, ɗora tukunyar bisa inda ba su kaiwa. Riƙa ɗaga ganye kina duba bayansa. In kin ga tsutsa, cire ta da hannu. In ƙananan ƙwarin nan ne masu taruwa su sa ganye danƙo, wanke su da ruwa, ko ki daka ganyen darbejiya, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma. Kada ki fesa maganin ƙwari a kan buɗaɗɗen fure, ƙudan zuma za ki kashe. Kuma ki hana yara tsinke kan tsiron. Mai kai ɗaya in aka tsinke masa toho, an gama da babban furensa.

FURE DA 'YA'YA

Tsakanin kwana 50 da 70 daga shuka, bisa ga iri, zai buɗe. Fure ɗaya yakan yi mako ɗaya ko biyu da kyaunsa. Mai rassa, in kina yanke waɗanda suka yanƙwane, zai yi ta ba ki sababbi. In kuwa 'ya'ya kike so, bar kan a jiki, ki ci gaba da ba shi ruwa. Bayan wata ɗaya ko da rabi bayan kan zai koma rawaya, sa'an nan ruwan ƙasa. Ɗaura masa ɗan ƙyalle mai shara-shara saboda tsuntsaye. In ya bushe ki yanke, ki rataye a inuwa, ki murje 'ya'yan da hannu. Na shuka ki ƙunshe cikin takarda, ki rubuta suna da wata, ki sa cikin busasshiyar kwalba.

Amma in an rubuta F1 a takardar irin, watau haɗin aure ne na iri biyu, 'ya'yansa ba lalle su yi kama da shi ba, wani ma ya fito dogo. Akwai kuma waɗanda aka gyara ba su da garin fure, irin su Sunny Smile, su ba su yin 'ya'ya sai da wani iri a kusa. Daga ƙarshe tsiron zai bushe ya mutu cikin wata uku ko huɗu. Wannan ba laifinki ba ne, iyakar kwanansa ke nan, kamar gero.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuma ga aikinku. Kowace ta sami ɗan littafi. Rubuta ranar shuka da ranar tsirowa. Kowace Jumma'a auna tsayi da rula, ki ƙidaya ganye. Rana ɗaya ki duba inda kan yake fuskanta da ƙarfe 7 na safe, da 12, da 5 na yamma, ki zana. In kina da tukunya biyu, sa ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ki gani da idonki ko Baba mai gadi ya yi gaskiya.

In ya buɗe ki duba tsakiyarsa da kyau. Abin da muke kira fure ɗaya, taron ƙananan furanni ne ɗaruruwa, kowane kuwa shi zai zama ƙwaya ɗaya. Sun jeru sahu sahu a karkace, waɗansu sun bi dama, waɗansu hagu. Ƙidaya sahun. Sau da yawa za ki sami 21 da 34, ko 34 da 55. Yanzu rubuta 1, 1, 2, 3, 5, 8, kina haɗa biyun ƙarshe don ki sami na gaba, ki ga inda za ki kai. Ana kiran jerin nan da sunan Fibonacci, wani mutumin Pisa ta Italiya wanda ya sa shi cikin littafinsa na lissafi a 1202. Wadda ta ƙidaya ta aiko mini da abin da ta samu.

SAURAN MAGANA

Ni dai ban bar aji biyar da kunyar nan ba. Washegari na ce musu littafi bai yi ƙarya ba, Malama ce ta kuskure. Muka sake. Kowace yarinya ta kawo mazubinta daga gida, ta huda da kanta, ta shuka uku, muka jera su a rana, ba mai ba da ruwa sai ta tsoma yatsa. Cikin 36, guda 31 suka yi fure. Yarinyar nan ta layin gaba ta ɗauki nata a ka ta kai gida. Bayan kwana biyu ta zo ta durƙusa ta ce, "Malama, wai in ji Innata, in da sauran iri a sammata."

Yaya ta Funtuwa, ba zan ruɗe ki ba. Tukunya ɗaya ba za ta ba ki man miya ba, iyakarta 'ya'ya tafin hannu, ki soya wa yara ko ki watsa wa kaji. Maigida yana da gaskiyarsa, ruwan saye ba abin wasa ba ne. Kada ki yi gardama da shi. Ki roƙe shi wata biyu da tukunya ɗaya, ki nuna masa ruwan wankin shinkafa za ki riƙa zubawa. Ki kuma shaida wa abokan zamanki kafin ki ajiye, don a zauna lafiya. Sa'an nan ki bar yarinyar ta sa ƙwayar da hannunta. Yarinyar da ta ga abu ya fasa ƙasa saboda ita ta binne shi, ba za ta sake tambayar inda ake ƙera gyaɗa ba. Hannun da ya iya furen rana kuwa, ya iya barkono da alayyafo da na'ana'a cikin bokiti, don ƙa'idar kusan ɗaya ce. Ranar da maigida ya ci miya da ɗanyen barkonon tsakar gidansa, ki rubuto ki gaya mini abin da ya ce.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake renon barkono da alayyafo cikin buhu. Mai tambaya ta aiko ta hannun Edita. Mai tambaya ba ta ɓata.

Ku huta lafiya.

Taku,
Malama